Filin Mata: Dariyar Dare

  

Zancenmu na wannan mako a kan ɗan lokacin nan ne da ke tsakanin cin tuwon dare da kwanciya barci. An kwashe kwanoni, an kashe wutar murhu, an ɗaure awaki, yara sun gama rigimarsu ta yini. Ko wane gida yana da wannan lokaci, amma ba ko wane gida ne ya san abin da za a yi da shi ba. Wani gidan in kin bi ta bayan danga sai ki ji ana ta ƙyalƙyala dariya, tsohuwa tana tsokanar jikanta, maigida yana ba da labarin wanda ya taya masa akuya a kasuwa. Wani gidan kuwa tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke, kowa ya shige ɗaki da abin da ya dame shi tun safe, ya kwanta da shi, ya tashi da shi. Watakila ma gidan shirun ya fi wancan wadata. Amma da za a ce ki zaɓi inda za ki aurar da 'yarki, na san wanda za ki nuna.

Abin da na ke so mu duba shi ne, dariyar nan ta dare tana cikin bukatun gida, kamar yadda gishiri ya ke cikin bukatun miya. Kuma kamar gishirin, akwai yadda a ke sa ta miya ta yi daɗi, akwai yadda a ke sa ta a ɓata tukunya duka.

Inda aka mai da ita sana'a

Akwai wata ƙasa da ta ɗauki wannan ɗan lokaci da girma har ta mai da shi sana'a mai kawo dukiya, watau Amurka. Ran 27 ga Satumba 1954 gidan talabijin na NBC ya fara wani shiri daga birnin New York, wanda ya shahara daga baya da suna The Tonight Show, watau shirin daren yau. Wani mai barkwanci, Steve Allen, shi ya fara riƙe shi. Wajen ƙarfe 11:30 na dare a ke sa shi, bayan an gama karanta labarai, sa'ad da mutane suka riga suka hau gado ko suna shirin hawa.

Ga yadda a kan shirya irin wannan wasa. Tun da safe marubuta su kan taru su bi jaridu da labaran ranar, suna tsamo abin da za a iya juyawa ya zama abin dariya. Da la'asar jama'a su cika ɗakin wasa, makaɗa su buga, mai shirin ya fito ya tsaya shi kaɗai ya yi ta zuba zance na 'yan mintoci a kan abin da ya faru a yinin nan: tsadar kaya, da alkawarin da ɗan siyasa ya karya, da katoɓarar da shugaban ƙasa ya yi. Sa'an nan ya koma bayan teburinsa ya kira baƙi ɗaya bayan ɗaya, mawaƙa da 'yan wasa da marubuta, a yi ta hira ana raha. A ɗauki hoton abin duka a ajiye, in dare ya yi a watsa.

Wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a shi ne Johnny Carson. Ya karɓi shirin a 1962, bai sauka ba sai a 1992, shekara 30 ke nan. Yarinyar da aka haifa ran da ya fara, ta yi aure ta haifu kafin ya bari. Daren da ya yi ban kwana, 22 ga Mayu 1992, an ƙiyasta mutum wajen miliyan 50 suka zauna kallonsa. Wasu suka bi sawunsa a tashoshi dabam dabam, irin su David Letterman da Jay Leno da Jon Stewart, har da wani ɗan Afirka ta Kudu, Trevor Noah, wanda ya riƙe shirin The Daily Show daga 2015 zuwa 2022.

To, me ya sa sai da dare? Ku duba inda aka ajiye shirin, daidai bayan labarai. Labarai kuwa kun san halinsu, yaƙi ne da haɗari da tashin farashi. Da za a kashe akwatin a nan, da mutum ya kwanta da nauyinsu a ƙirji. Sai ga wani ya zo ya ɗauki labaran nan dai, ya juya su, ya nuna inda wautar mutane ta ke a cikinsu, har abin da ya cika maka ciki da tsoro ya ragu ya koma daidai wanda za ka iya barci da shi. Matsalar tana nan ba ta tafi ba, amma ka sami ƙarfin da za ka tare ta gobe.

Mu ma ba baƙi ba ne

Kada wata ta ce ai wannan al'adar Turawa ce. Kakanninmu sun san da haka tun ba a ƙera talabijin ba. Ai tatsuniya da dare a ke yinta, har a kan tsorata yara da cewa mai yinta da rana ɓata ya kan yi. Dalilin a fili ya ke, rana ta aiki ce, dare mahutar bawa. Wa ke yin tatsuniyar kuwa? Tsofaffi mata da amare. Su ne ke maƙale murya su kwaikwayi tsamin bakin Gizo, yara su yi ta birgima a tabarma. Cikin wannan birgima yaro ke koyon abin da haɗama ke jawo wa mai ita, ba tare da an ɗaga masa bulala ba.

Hakanan tashe. In azumi ya kwana goma sai yara su fito bayan shan ruwa, wannan ya sa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya cusa tsumma ya zama mai ƙaton ciki, su bi gida gida suna kwaikwayon halayen manya, ana dariya ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Ga 'yan kama, masu ɗaukar waƙar da kowa ya sani su mai da ita duka zancen tuwo da nama. Ku 'yan makaranta da kuka karanta Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a 1937, kun tuna da hirar dare aku ya riƙe ɗan sarki har ya hana shi fita zuwa inda maƙiya ke jiransa. Da rediyo da talabijin suka zo, sai ga Samanja Mazan Fama daga Kaduna, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana fitowa a cikinsa da Hausarsa ta bariki, gida duka a taru a gaban akwati guda. Shi tsohon soja ne, ya san abin da ya ke kwaikwayo. Ya rasu a 2023, amma har yau in aka ambaci sunansa sai ki ga dattawa sun yi murmushi.

Abin da ta ke yi wa jiki

Masana sun bincika abin nan da mu ke ji a jikinmu bayan mun yi dariya mai yawa, watau sakin gaɓoɓi da saukin numfashi. A 2011 wani malami na Jami'ar Oxford a Ingila, Robin Dunbar, da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji. Sun auna yadda mutane ke jure zafi, ta hanyar matse musu hannu da abin awon jini ko ɗora musu abu mai tsananin sanyi. Sa'an nan aka nuna wa wasu wasan ban dariya, wasu kuwa aka nuna musu abin da ba na dariya ba, aka sake aunawa. Waɗanda suka yi dariya sosai, irin wadda ke girgiza ciki, sun fi jurewa. Masanan suka ce dariya irin wannan tana sa ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari mai kashe zafi, wanda a ke kira endofin. Murmushin ladabi kawai ba ya yin wannan aiki.

Tun kafin su, wani editan mujalla a Amurka, Norman Cousins, ya kwanta ciwo mai tsanani na gaɓoɓi da ƙashin baya a 1964. Ya sa aka riƙa kawo masa finafinan ban dariya. A littafin da ya fitar a 1979 ya ba da labari cewa in ya sami minti 10 yana dariya sosai, ya kan sami barcin awa 2 ba tare da zafi ya tashe shi ba. Labarin mutum ɗaya ne, kuma yana hannun likita duk wannan lokaci. Saboda haka kada wata ta ji wannan ta bar yaro da zazzaɓi a ɗaki tana yi masa wasa. Ciwo asibiti a ke kai shi. Amma mai jinya da ke shigowa da fara'a ta fi wadda ke shigowa da tagumi amfani ga majiyyaci.

Wani masani kuma, Robert Provine, ya yi shekaru yana bin mutane a kasuwanni da tituna yana rubuta lokacin da su ke dariya da abin da ya jawo ta. Ya gano mutum ya fi yin dariya wajen sau 30 in yana cikin mutane bisa ga in yana shi kaɗai. Ya kuma gano mafi yawan dariyar ba wani gwanin barkwanci ke jawo ta ba, maganganun yau da kullum ne tsakanin waɗanda suka saba. Shi ya sa masu shirin dare na Amurka ke tara jama'a a ɗakin wasa, don mai kallo a gida ya ji kamar yana cikin taro. Ke nan, uwargida, ba sai kin iya tsara zance kamar maroƙi ba. Ku dai zauna wuri guda, dariya za ta zo da kanta.

Ranar baƙin ciki

Wata za ta ce, wannan duk zancen masu ƙoshi ne, wanda ke cikin damuwa ina ya ga bakin dariya? To, a saurara. Ran 11 ga Satumba 2001 aka kai hari da jiragen sama a Amurka, mutum kusan 3,000 suka mutu, mafi yawansu a New York. Shirye-shiryen ban dariya duka suka tsaya. Bayan kwana 6 David Letterman ya komo. Bai fito da barkwanci ba, ya zauna bayan teburinsa ya yi magana a hankali, muryarsa na rawa. Wani babban mai karanta labarai da ya gayyata ya fashe da kuka a gaban jama'a. Duk da haka aka ɗan taɓa raha, mutane suka yi dariya.

Ran 29 ga watan kuma shirin Saturday Night Live ya buɗe da magajin garin New York tsaye tare da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda. Mai shirin ya tambaye shi ko an yarda su ba da dariya. Magajin gari ya mayar masa da zolaya, wai me zai sa sai yau za su fara, watau dā ma can ba su iya ba. Ɗaki ya kwashe da dariya. Ba wanda ya manta da mamatan, amma mutane suka gane an ba su iznin ci gaba da rayuwa.

Hakanan a 2020, da annobar korona ta kulle mutane a gidajensu, masu waɗannan shirye-shirye suka koma yinsu daga ɗakunansu. Jimmy Fallon, mai riƙe da The Tonight Show a lokacin, matarsa ce ke riƙe masa abin ɗaukar hoto, 'ya'yansa mata biyu suna hawa kansa yana magana. Iyaye mata da ke kulle da yaransu suka ga ashe gidan kowa haka ya ke.

Trevor Noah kuma ya ba da labari a littafinsa na 2016 cewa an taɓa harbin mahaifiyarsa a ka, Allah ya yi da sauran kwananta. Yana zaune gefen gadonta a asibiti yana kuka, ita mai raunin ita ta fara tsokanarsa da wasa, har su biyu suka ɓuge da dariya. Wace uwa ce ba ta san wannan dabara ba? Mu ma a gidan makoki, in an kwana biyu, ai abokan wasan mamacin ne da jikokinsa ke fara jefa 'yar magana, a yi murmushi cikin hawaye, daga nan a fara iya cin abinci.

Gaskiyar da ba ta faɗuwa sai da wasa

Wani amfanin kuma, akwai gaskiyar da in an faɗe ta da fuska a ɗaure sai ta jawo faɗa, in an naɗe ta cikin wasa sai ta shige. Sarakunanmu na dā sun san haka, shi ya sa su ke ajiye wawan sarki, wanda ke faɗin abin da waziri ba zai iya ba. A wasan gauta kuwa matan fada ne ke shiga kayan maza su kwaikwayi sarki da fadawansa, kowa ya ga halinsa a jikin wani.

Amma ba ko wane mai mulki ke jure wannan ba. A Masar akwai wani likitan zuciya, Bassem Youssef, wanda ya fara ɗaukar 'yan wasanni a ɗakin wankin gidansa a 2011 yana sa su a YouTube. Kafin a jima ya sami shirin dare a talabijin, miliyoyin mutane suna kallo. A watan Maris 2013 aka kira shi gaban mai gabatar da ƙara bisa zargin ya ci mutuncin shugaban ƙasa Muhammad Mursi. Ya je sanye da wata ƙatuwar hula, kwaikwayon wadda shugaban ya taɓa sawa a wani biki. Aka ba da belinsa. Gwamnati ta sake, amma matsi bai sake ba, a watan Yuni 2014 ya ba da sanarwar ya rufe shirin, daga baya ya bar ƙasar. Ko a Amurka ma, a watan Satumba 2025 tashar ABC ta dakatar da shirin Jimmy Kimmel saboda wata magana da ya yi game da kisan wani fitaccen mai goyon bayan shugaban ƙasa, aka yi ta gardama, bayan kwana 6 aka mai da shi. Da wasa abin banza ne, da manya ba su damu da shi haka ba.

Mu dawo tsakar gida. A ce maigida ya yi kwana uku yana alkawarin gyaran ƙofar kicin bai yi ba. Wata za ta tare shi tun daga zaure da mita, shi kuma ya hau, a kwana ba a magana, ƙofa kuwa tana nan yadda ta ke. Wata kuwa sai ya ci ya ƙoshi, ta ce, “Maigida, akuyar maƙwabta ta aiko a yi maka godiya, ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa samun mai masauki irinka ba.” Ya yi dariya, ya ji kunya kaɗan, gobe da sassafe ki ji ƙarar guduma. Saƙo ɗaya ne, amma ɗaya ya bar wa mutum hanyar fita da girmansa.

Inda a ke ɓata tukunya

To, yanzu ga ɗaya gefen, shi ne ma ya fi bukatar a kula. A watan Disamba 1973 Amurka tana fama da ƙarancin man fetur, mutane a tsorace su ke. Wani dare Johnny Carson ya ce cikin wasa wai takardar shiga bayan gida ma ta kusa yankewa. Kashegari matan gida suka yi wa kantuna tsinke, kowa na saye tana ɓoyewa, har kantuna suka zama wayam. Ƙarancin da babu shi sai ga shi ya samu, aka yi makonni ana wahala, sai da ya fito ya ba jama'a haƙuri. Magana zarar bunu ce. In maganar wasa ta iya kwashe kaya daga kantunan ƙasa guda, ku ƙiyasta abin da za ta yi wa zuciyar yarinya 'yar shekara 12.

Don akwai dariyar da a ke yi tare da mutum, akwai wadda a ke yi masa. Ta biyun nan mun san ta sarai, sunanta ba'a da habaici da gatse. Kishiya ta saki magana tana daka, wai da kaza ta ke, alhali kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda ya ke. Gida ya yi dariya, mutum ɗaya ta shiga ɗaki ta yi kuka. A makaranta kuma a sami yarinya mai in'ina, ko mai ɗingishi, ko wadda ta zo daga ƙauye da irin Hausarsu, a laƙa mata suna, duk inda ta gifta a kwashe da dariya. Tun tana ɗaga hannu a aji har ta daina, wata ma ta ce da iyayenta ita ta gaji da karatu, ba wanda ya san dalili. Masu dariyar sun manta tun ran nan, ita kuwa har ta tsufa tana tunawa.

Yaya za a rarrabe? Wasan barkwancinmu na gargajiya ya riga ya ba mu ma'auni. Ku duba wasan Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zazzagawa, da na Gobirawa da Yarbawa, da na taubasai, da na kaka da jika. Bafulatani ya ce da Babarbare bawansa, Babarbare ya rama nan take, a tafa a rabu ana dariya. Sharaɗin shi ne ko wanne yana da ikon ramawa, kuma ba mai fushi. Wannan al'ada tana kashe rigima tun ba ta tashi ba, har a 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan barkwanci na ƙasar Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Saboda haka kafin ki saki magana, dubi wadda za ta faɗa wa. Tana iya rama miki ba tare da tsoro ba? In 'yar aikinki ce, ko 'yar riƙo, ko amaryar da ba ta san kan gida ba tukuna, ko mai wata naƙasa da ba ita ta ɗora wa kanta ba, to ba ta iyawa, wannan kuwa cin zali ne ko da gida duka ya yi dariya. Gwanayen shirin dare sun fi samun yabo sa'ad da suka taɓa masu ƙarfi ko suka taɓa kansu. Shi Carson in ya jefa magana ba a yi dariya ba, sai ya mai da abin kansa, ya yi wa faɗuwar tasa ba'a, a nan ne ma a ke fin shewa. Mace mai iya ba da labarin yadda tuwonta ya yi gudaji ran da surukai suka zo, ba ta rasa abokan hira.

Rabon mata

Wani abin lura, shekara da shekaru maza ne ke zaune bayan teburin nan na Amurka. Sai a 1986 wata mace, Joan Rivers, ta sami nata shirin dare a tashar Fox, bayan ta daɗe tana riƙe wa Carson nasa in ba ya nan. Bai ji daɗin tafiyarta ba, bai ƙara yi mata magana ba har ya mutu, shirin nata kuma bai cika shekara a hannunta ba. Amma ta buɗe ƙofa, wasu mata suka biyo baya.

A nan wajenmu a kan ce da yarinya kada ta cika dariya, wai rashin kamun kai ne. Gaskiya ne akwai wurin da shewa ba ta dace ba, gaban surukai da gaban baƙi da cikin aji. Amma kunya dabam, ɗaure fuska dabam, shimfiɗar fuska kuwa ta fi shimfiɗar tabarma. Duk wadda ta taɓa zama cikin mata ran kamu ko ran suna ta san gwanayen ban dariya na ƙasar nan da yawansu ɗankwali su ke ɗaurawa. In kina da 'ya mai iya kwaikwayon muryoyi da tsara zance, kada ki kashe mata baiwarta da tsawa. Koya mata inda a ke yi da wanda ba a yi wa. Ku kuma 'yan makaranta, in an ce za a yi wasan kwaikwayo ran hutu, ku karɓi alƙalami ku rubuta da kanku.

Abin da ya rage gare mu

Yanzu zamani ya kawo wayar hannu. Shirye-shiryen nan na Amurka ma mutane da yawa ba su jiran ƙarfe 11:30, guntayensu su ke kallo a waya, hakanan na masu barkwancinmu na gida. Ba laifi. Sai dai ki shiga wani gida da dare ki tarar da mutum biyar a ɗaki ɗaya, ko wanne ya sunkuya kan tasa wayar yana murmushi shi kaɗai, ba wanda ya san abin da ya ba ɗan'uwansa dariya. An sami abin dariya, an rasa hira. In kin ga abin da ya ba ki dariya, kira yara da abokiyar zamanki da maigida ku kalla tare, sa'an nan a kife wayar a ci gaba da zance. A ba tsohuwa fili ta yi tatsuniya tun tana nan, yara su riƙe ko guda biyar ne.

Ku kuwa 'ya'yana masu zuwa makaranta da safe, likitoci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 tana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Wadda ta kai ƙarfe ɗaya na dare tana dariya ƙarƙashin mayafi, gobe ita za a yi wa dariya tana gyangyaɗi gaban allo. A yi hira da wuri, a tashi da wuri.

Uwargida, ke ce mai riƙe da ludayin wannan miya. Yau da dare in an kwashe kwanoni, kada ki yi saurin kore kowa ɗaki. Shimfiɗa tabarma, tambayi ƙaramin cikinsu abin da ya gani a hanya yau. In dariya ta tashi, ɗaga kai ki dubi fuskokin da ke wurin ɗaya bayan ɗaya. In kin ga wadda ta sunkuyar da kai, juya zancen ya komo kanki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A gai da yara.